Riportando tutto a casa: Yadda kundin mawaƙan Modena ya zauna a kunnen manomin Auyo

Tun da ƙanena ya bar gida ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, daga can Allah ya tsallakar da shi teku, abin da ya fi aiko mana da shi, bayan kuɗin cefane, shi ne saƙon murya. Yanzu yana zaune a lardin Modena da ke arewacin Italiya, yana aiki a wani kamfanin yin tayil, sana'ar da yankin ya yi suna da ita, musamman garin Sassuolo. A daminar da ta wuce, muna tsakiyar dashen shinkafa a fadamar Auyo, sai ya turo mini waƙoƙi goma sha uku ta WhatsApp, ya biyo su da cewa: "Yaya, ka saurari waɗannan da kunnen basira. Mutanen garin da nake ne suka yi su, kuma akwai guda ɗaya da in na ba ka labarinta sai ka yi hawaye." Ni ba na jin Italiyanci, don haka shi ya zama tafintana. Duk daren da ya tashi daga aiki da sauran ƙarfinsa, sai ya ɗauki waƙa guda ya warware mini ma'anarta baiti bayan baiti, ni kuma in sake saurarenta da safe a kan hanyar gona. Mun shafe kusan wata biyu a haka kafin na ji na isa in faɗi ra'ayina.

Sunan ƙungiyar Modena City Ramblers. An kafa ta a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro mana jihar Jigawa, kuma waɗanda suka kafa ta abokai ne da son kiɗan gargajiyar ƙasar Ailan ya haɗa. A 1993 suka fitar da kaset mai suna Combat Folk, wato kiɗan gargajiya na gwagwarmaya, sunan da ya bi salon nasu har yau. Kundin da nake magana a kansa, Riportando tutto a casa, shi ne cikakken kundinsu na farko. Ya fito a 1994 ta hannun wani ƙaramin kamfani na birnin Roma mai suna Helter Skelter, kuma kafin shekarar ta ƙare wani babban kamfani ya sake fitar da shi tare da ƙarin waƙa guda wadda Bob Geldof ya sa muryarsa a ciki, mawaƙin nan ɗan Ailan da ya shirya gagarumin wasan Live Aid a 1985 don tara wa Habasha gudummawa lokacin yunwa. Ma'anar sunan kundin ita ce maido da komai gida, kuma sun aro shi ne daga sunan wani kundi na Bob Dylan na 1965. Duk hukuncin da zan yanke a kan wannan aiki yana rataye ne da wannan suna, domin tambayar da na riƙa yi wa kowace waƙa ita ce: abin da aka aro daga waje, ya iso gida ko kuwa ya maƙale a hanya?

Ga wanda bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba, kayan da ake amfani da su ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Akwai gogen Turawa, akwai wata siririyar sarewar ƙarfe wadda Franco D'Aniello yake busawa, akwai ganga mai fata ɗaya mai kama da bandirinmu, akwai jita da wasu kayan tsirkiya da sautinsu ya yi kusa da na garaya. Akwai kuma akodiyon a hannun Alberto Cottica, abin kiɗan da ake buɗewa ana matsewa kamar zugazugin maƙera. Abin da ya bambanta su da makaɗan gargajiya na yau da kullum shi ne saurin bugu da zafin murya, waɗanda suka gado daga kiɗan pank. Pank ya ɓullo ne a tsakiyar shekarun 1970 a Ingila da Amurka, a hannun samarin da suka gaji da kiɗan ƙawa suka ce kowa ma yana iya ɗaukar jita ya faɗi damuwarsa, ko da bai ƙware ba. Ƙungiyar The Pogues, wadda aka kafa a Landan a 1982 da Shane MacGowan a gaba, ita ce ta yi fice wajen ɗaura wa wannan zafi aure da kiɗan Ailan, kuma babu mai sauraren mutanen Modena da zai kasa jin cewa a wannan tsangaya suka yi karatu.

Waƙar farko, In un giorno di pioggia, wato a wata rana ta ruwan sama, tana buɗewa da muryar mace cikin tsohon harshen Ailan, sannan muryar Alberto Morselli mai zurfi ta shigo a natse. Bankwana ce da ƙasar Ailan daga bakin baƙon da ya so ta. Waƙa ce mai daɗin gaske, kuma ƙanena ya ce har yau in suka taso ta a dandali jama'a ne suke karɓe ta daga bakin mawaƙin. Amma ni a wurina ƙofa ce kawai. Gidan yana can ciki.

Sai mutum ya san halin da Italiya take ciki a wancan lokaci kafin ya gane dalilin fushin da ke cikin waƙa ta uku, Quarant'anni, wato shekara arba'in. A 1992 masu gabatar da ƙara a birnin Milan suka fara binciken cin hanci da aka sani da Mani Pulite, ma'ana hannaye masu tsabta, wanda ya rusa manyan jam'iyyun da suka riƙe ƙasar tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar kuma 'yan Mafiya, wato gungun masu manyan laifuka, suka kashe alƙalai biyu da ke farautarsu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino. Kafin nan ƙasar ta sha fama da bama-bamai, ciki har da wanda ya tashi a tashar jirgin ƙasa ta Bologna, maƙwabciyar Modena, a 1980, ya hallaka mutum 85. A watan Maris na 1994 kuma Silvio Berlusconi, attajirin gidajen talabijin, ya ci zaɓe. A cikin waƙar, jamhuriyar ce da kanta take magana kamar mutumin da ya kai arba'in yana lissafa abin kunyar da idonsa ya gani. Kiɗan na rawa ne, mai sa ƙafa motsi, maganar kuwa ɗaci ne zalla, kuma wannan haɗi na zuma da maɗaci shi ne gwanintar da suka fi nunawa a duk kundin.

Waƙar da ta fara kama zuciyata ita ce I funerali di Berlinguer, jana'izar Berlinguer. Enrico Berlinguer shi ne shugaban jam'iyyar kwaminis ta Italiya, mutumin da har abokan hamayyarsa suka shaida gaskiyarsa da ƙin abin hannun jama'a. Ciwo ya buge shi yana tsaye yana jawabi a taron siyasa a garin Padua, ya rasu ranar 11 ga Yuni, 1984. Shugaban ƙasa na lokacin, Sandro Pertini, ya ɗauko gawar zuwa Roma a jirginsa, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya suka halarci jana'izar. Waƙar ta fi mai da hankali ga jama'ar da suka zo fiye da mamacin: ma'aikata da manoma da suka baro garuruwansu, kowa da irin ƙuncinsa, suna tsaye suna kallon akwatin gawa.

Na kunna ta wata rana da la'asar a majalisarmu ta gindin darbejiya, ina bayyana ma'anarta yadda ƙanena ya koya mini. Wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya yi PRP a zamanin ƙuruciyarsa, ya sa aka maimaita ta. Da ta ƙare sai ya ce: "Yaro, ai wannan labarin Malam ne." Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓe yana ɗan takarar shugaban ƙasa, shekara guda da 'yan watanni kafin rasuwar Berlinguer. Baba ya ba mu labarin yadda labarin ya iso ƙauye ta rediyo, yadda mutanen da gwamnatin PRP ta sauke wa nauyin haraji da jangali a 1979 suka riƙa neman motar Kano, da yadda aka cika unguwar Gwammaja babu masakar tsinke. Aƙidar mutanen biyu ta sha bamban, domin Malam malamin addini ne mai tafsirin Alƙur'ani, kuma ba ni da niyyar in haɗa su a ma'auni ɗaya. Amma kukan talakan da ya rasa wanda bai taɓa cin amanarsa ba iri ɗaya ne a ko'ina, kuma waƙar ta kamo wannan kuka har dattijon da bai san kalma ɗaya ta harshen ba ya gane shi.

Contessa tsohuwar waƙa ce da Paolo Pietrangeli ya rubuta a 1966, wadda ta zama taken ɗalibai da ma'aikata a boren 1968. A cikinta ana jin masu hannu da shuni suna hira suna ƙorafin cewa zamani ya lalace, tunda har lebura ma yana son ɗansa ya zama likita. Duk wanda ya taɓa jin waƙoƙin NEPU, ko ya ji daga bakin iyayensa yadda ake kallon ɗan talaka in ya ɗaga kai, ba ya bukatar ƙarin bayani a nan.

Sai Bella ciao, wadda samarinmu da yawa suka riga suka san amonta daga wani shirin talabijin na ƙasar Sifen a kan 'yan fashi, suna ɗauka waƙar ɓarayi ce. Asalinta waƙar mayaƙan sa-kai ce da suka yi fito-na-fito da 'yan fasis, magoya bayan mulkin kama-karya, da sojojin Jamus a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake tunawa da su duk ranar 25 ga Afrilu, ranar 'yantar da ƙasar a 1945. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa akwai wata sigar waƙar, mai wannan amo, ta matan da ake kira mondine, masu cire ciyawa a gonakin shinkafa na kwarin Kogin Po. Da yawansu daga yankin Emiliya, inda Modena take, ake kwaso su duk shekara su yi makonni a duƙe cikin ruwa, tsakanin sauro da zafin rana, mai gona na tsaye a kansu. Ranar da ƙanena ya faɗa mini wannan, ina tsaye ne a bakin kunya ina kallon 'yan ƙwadago, maza da mata, a duƙe cikin taɓo suna dashe. Modena City Ramblers sigar mayaƙan suka yi, suna farawa da sarewa a hankali kafin kiɗan ya ɓarke da gudu. Muhimmancin abin da suka yi shi ne sun ɗauko waƙar da ta kusa komawa ta bukukuwan hukuma da ta tsofaffi, suka mayar da ita waƙar da saurayi zai yi tsalle da ita a dandali ba tare da ta rasa ma'anarta ba. A nan kam abin da aka aro ya iso gida, domin rigar ta Ailan ce amma jikin da ke cikinta ɗan Emiliya ne.

Waƙar da ƙanena ya ce za ta sa ni hawaye ita ce Ahmed l'ambulante, wato Ahmed mai talla, wadda suka gina a kan baitocin marubuci Stefano Benni, ɗan Bologna. Labarin baƙo ne ɗan Afirka da ke shimfiɗa hajarsa a bakin titi cikin sanyi yana sayar da agogo, dare bayan dare, har daren da wasu suka zo suka yi masa dukan ajali. Da bakinsa yake ba da labarin, yana kiran gida. Kiɗan ma ya sauya a wannan waƙa, ya karkata zuwa amon arewacin Afirka, kuma muryar mawaƙin tana da kaushin da ya dace da maganar. A lokacin da suka yi ta, Italiya ba ta daɗe da fara karɓar baƙi 'yan ci-rani masu yawa ba, bayan ta shafe shekaru ita ce mai tura 'ya'yanta Amurka da Ajantina da Jamus neman abinci. A watan Agusta na 1989 aka kashe Jerry Masslo, ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu da ke aikin tsinkar tumatir a Villa Literno, kisan da ya girgiza ƙasar har aka yi babbar zanga-zanga a Roma, aka kuma samar da dokar baƙi a 1990. Ƙanena ya yi talla a titi kafin ya samu takardu, ya san sanyin da ake magana a kai, ya san gudun 'yan sanda da haja a kafaɗa. Ya ce mini: "Yaya, ranar da na fara gane kalmomin waƙar nan ban iya cin abinci ba." Na san Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa, ya ɗaga darajar wanda kowa yake yi wa tsawa. Waƙar Ahmed daga wannan dangi take, sai dai ita 'yan gari ne suka yi wa baƙo, shekaru talatin da suka wuce, tun kafin yawancin yaranmu da ke can a yau a haife su. Ko da ita kaɗai ce a cikin kundin, da na ce a nema.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda suka yi waƙa da karin harshen garinsu. Delinqueint ed Mòdna da harshen mutanen Modena aka rera ta, haka ma The Great Song of Indifference ta Bob Geldof, wadda suka juya ta koma bakin 'yan gari. Ƙanena ya ce ko Italiyawan wasu yankuna ba sa gane komai a ciki, kuma an daɗe ana ɗaukar irin wannan magana a matsayin ta ƙauyawa. Mu da muke zuwa Kano a yi mana dariyar Haɗejanci mun san wannan ciwo, mun kuma san yadda yaro yake komowa daga birni yana jin kunyar furucin mahaifiyarsa.

Kundin yana da nasa aibobi, kuma ba ƙanana ba ne. Babbansu shi ne nauyin aro. A wurare da dama, musamman a waƙa ta biyu, wadda kiɗa ce zalla, da kuma waƙar bankwanan da aka yi da Geldof, in aka cire harshen babu abin da zai nuna maka cewa daga Italiya aikin ya fito. Ɗalibi ne mai hazaƙa yana maimaita karatun malaminsa, kuma yankin da ke da waƙoƙin mata masu aikin shinkafa da na manoma bai kamata ya jingina da Ailan har haka ba. Sannan ɗaukar sautin ba ta cika ba: gangar ba ta da nauyi, wani lokaci goge da sarewa suna danne murya, kuma a ƙaramar sifikar waya sai kiɗan ya koma hayaniya. Muryar mace, in ban da buɗewar farko, kusan babu ita, alhali mata suna da babban kaso a tarihin da ake waƙewa. Akwai kuma al'adar mashaya da ta ratsa wasu waƙoƙin, inda kofin giya yake zama alamar abota da ban kwana. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ina faɗa ne don mai saurare ya san abin da zai tarar. Siyasarsu ma ta ɓangare ɗaya ce tsantsa, ba sa ɓoyewa, don haka wanda yake neman tarihin Italiya daga kowane gefe sai ya ƙara da wani abin.

Su kansu da alama sun gane matsalar aron, domin ayyukansu na baya sun faɗaɗa. La grande famiglia na 1996 ya ƙara kusantar gida, Terra e libertà na 1997 ya leƙa Latin Amurka, a 2004 suka yi waƙa a kan Peppino Impastato, matashin da Mafiya ta kashe a Sisili a 1978 saboda yana tona musu asiri a rediyo, a 2005 kuma suka fitar da Appunti partigiani, kundi sukutum na waƙoƙin gwagwarmayar 'yanci. Morselli ya bar su bayan kundin farko, mawaƙinsu Stefano Bellotti, wanda aka fi sani da Cisco, ya tafi a 2005, mutane sun yi ta shiga da fita, amma ƙungiyar ta ci gaba. Duk da haka tushen komai yana cikin wannan kundi na 1994, wanda ya nuna wa samarin ƙasar cewa goge da sarewa da harshen kaka suna iya ɗaukar maganar yau. Wannan ne ya sa nake ganin ya dace mawaƙanmu na zamani su saurare shi. A situdiyoyin Kano, fiyano da kwamfuta sun maye gurbin kalangu da kukuma da gurmi, waƙar siyasa kuwa yawancinta ta koma yabon wanda ya biya. Muna da waƙoƙin gayya, da na niƙa da daka, da gangar noma, da amadar mata da ƙwarya, duk suna nan a bakin tsofaffi suna jiran wanda zai ɗauko su da irin wannan zafi.

Ana samun kundin a YouTube da Spotify, kuma bai kai awa guda ba, don haka ba zai cinye data mai yawa ba. Shawarata ita ce a saurare shi da abin sawa a kunne ko da sifika mai ɗan ƙarfi, a kuma nemi fassarar waƙoƙin kafin a yanke masa hukunci, domin wanda ya tsaya a kiɗan kawai rabin abin ya samu. Wanda ba shi da lokaci ya fara da Ahmed l'ambulante, sai jana'izar Berlinguer, sai Bella ciao.

Waƙar ƙarshe, Ninnananna, waƙar reno ce, mai sanyi, wadda ta sauke duk zafin da ya gabata. Ita kaɗai ce mahaifiyarmu ta yarda ta saurara har ƙarshe, ranar da muka gama yankan shinkafa na dawo gida da magariba. Ta tambaye ni abin da ake faɗa, na ce mata waƙar lallashin mai barci ce da ake aika wa matafiyin da ya yi nisa da gida. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in kira mata autanta ta ji ko ya ci abinci.